Motar Rimot ta Farko: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Shirin Saye a Kaduna

Duk wanda aka gani riƙe da rimot a fili sai an tare shi da tambayoyi. Wasu masu tambayar iyaye ne da ke son yi wa yaro kyautar salla ko ta saukar Alƙur'ani, wasu kuma samari ne da magidanta waɗanda su kansu abin ya shiga ransu. Na tattara tambayoyin da aka fi yi, na amsa su daidai da yanayin garinmu: ƙurar hunturu, zafin bazara, ruwan Agusta, wutar da ba a san lokacin zuwanta ba, da nisan da ke tsakaninmu da masu sayar da kayan gyara. Ra'ayina tun daga farko shi ne a zaɓi mota ta farko bisa sauƙin gyaranta, maganar gudu ta biyo baya.

Malam, wadda nake gani a kasuwa da wadda nake gani a bidiyo, ba duk motar rimot ba ce?

Suna ɗaya, amma aji biyu ne. Aji na farko shi ne na kayan wasan yara, irin wanda za ka samu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da manyan kantunan Titin Ahmadu Bello, musamman gab da salla. An rufe ta ruf, an haɗa duk kayan lantarkinta a allo ɗaya, kuma ba a yi ta don a kwance ba. Ranar da giya ɗaya ta cinye, ta tashi aiki ke nan.

Aji na biyu shi ne na masu sha'awa. Wannan kowane ɓangarenta da lambarsa, ana sayar da shi daban: hannun taya, giya, shoka, inji, har ƙananan notuna. Idan ka karya abu, shi kaɗai za ka canja.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ka yi a gaban mai kaya kafin ka fitar da kuɗi. Kunna motar, ka ɗaga ta sama, ka juya sitiyarin rimot kaɗan. Idan tayoyin gaba sun karkata kaɗan, ka ƙara juyawa suka ƙara karkata, to ta aji na biyu ce. Idan kuwa ka taɓa kaɗan suka yi ƙas suka tafi ƙarshe gaba ɗaya, ta wasan yara ce. Haka ma totur: ta gaske tana iya tafiyar hawainiya idan ka ja kunamar rimot a hankali, ita kuwa ɗayar ko dai tana tsaye ko tana guje. Sannan ka cire murfin jikinta ka leƙa. Idan ka ga inji daban, akwatin sitiyari daban, kowanne da wayarsa da ake zarewa, alama ce mai kyau.

Mene ne 1/10 da 1/16 da ake rubutawa a kwali?

Girmanta ne idan an gwada ta da motar gaske. 1/10 na nufin kashi ɗaya cikin goma, tsawonta yakan kai santimita 40 zuwa 55, gwargwadon irinta. Lambar ƙasa tana ƙaruwa, mota tana ƙanƙancewa: 1/16 da 1/18 ƙanana ne, 1/24 tana zama a tafin hannu, 1/8 da 1/5 kuwa manya ne masu cin kuɗi.

1/10 ita ce aka fi yi a duniya, don haka tayoyinta da batirinta da kayan gyaranta sun fi yawa. Tana kuma haye tsakuwa da ciyawar da ke tsayar da ƙanana. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi 1/12, 1/14 ko 1/16. Ƙasa da haka, sai dai tsakar gida mai siminti.

Wace iri ce ta dace da hanyoyinmu?

Ka fara duba ƙofar gidanku. Mafi yawan layukan Rigasa, Tudun Wada, Badarawa da Hayin Banki ƙasa ce da tsakuwa da ramukan da ruwa ya ci. Motar tsere ta kan kwalta, mai kyan jiki kamar ta gaske, cikinta bai fi 'yan milimita daga ƙasa ba. A irin layinmu ba za ta yi taku goma ba sai ta maƙale, kuma ƙasa za ta cika mata giya. Masu zamiya a kwana su ma sai daɓe mai santsi. Ko da su ne suka fi burge ka a bidiyo, ka ɗaga musu ƙafa tukuna.

Abin da ya rage iri huɗu ne. Mai manyan tayoyi, wadda ake kira monsta, ita ce ta fi haƙuri da mummunar hanya, sai dai tana saurin kifewa a kwana saboda tsayinta. Akwai mai siffar a-kori-kura ta tseren daji, wadda jikinta ya rufe tayoyi, shi ya sa tana shan karo ba tare da ta karye ba. Akwai bagi, mai kaifin kwana da sauri, amma tayoyinta a waje suke, su ne ke fara haɗuwa da bango. Sai mai hawa duwatsu, wadda gudunta bai wuce tafiyar mutum ba, amma tana hawa abin da ba ka zata ba.

Ga mai farawa a Kaduna, ɗaya daga biyun farko nake ba da shawara. Amma kada a raina mai hawa duwatsu. Batirinta yana daɗewa sosai, ba kasafai take karyewa ba, ba ta buƙatar fili, kuma tarin bulo da yashi a gaban gidan da ake gini ya ishe ta wasan yini guda. Dattijo mai son natsuwa zai fi jin daɗinta fiye da mai gudu.

Mai jan taya biyu ko mai jan huɗu?

A kwali za ka ga 2WD ko 4WD. Mai jan huɗu ta fi riƙe ƙasa mai laushi kuma ta fi sauƙin tuƙi ga sabon hannu. Mai jan biyu ta fi araha, kayan cikinta ba su da yawa, saboda haka abin lalacewa ma kaɗan ne, kuma tana koya wa mutum tausasa yatsa a kan totur. Duk wadda ka samu cikin biyun ba ka yi asara ba.

Na ga masu amfani da mai, har da hayaƙi da ƙara. Ba su fi na batir ba?

Suna da daɗin kallo, ban musa ba. Amma man da ƙananan ke sha ba fetur ba ne. Haɗi ne na musamman na metanol da naitrometan da man shafawa, ba a sayar da shi a gidan mai, kuma kawo shi daga waje wahala ce domin abu ne mai kama wuta. Bayan haka sai ka iya saita kafireta, saitin kuma yana canjawa da yanayi: wanda ya yi daidai da sanyin safiyar Janairu ba zai yi da ranar Afrilu ba. Ƙura kaɗan ta wuce matatar iska, injin ya tafi.

Manyan nan na 1/5 su ne ke shan fetur gauraye da baƙin mai, da inji mai bugu biyu. Suna da tsada da nauyi, kuma idan suka bugi ƙafar mutum sai asibiti. Mota ta farko ta zama ta batir.

Inji mai burushi da marar burushi fa?

Duk wanda ya taɓa kai injin niƙan kicin ko na huda bango wurin gyara ya san burushi, ɗan gawayin nan da ke gogar abin da ke juyawa a ciki har ya cinye. Injin motar rimot mai burushi haka yake aiki. Yana da araha, ƙarfinsa matsakaici ne, kuma idan ya mutu sabonsa ba tsada. Lambobin 390, 540 da 550 da ake rubutawa girman gwangwaninsa ne.

Marar burushi ba abin da ke goguwa a cikinsa sai boris. Ya fi ƙarfi, ya fi gudu, ya fi daɗewa, kuma da yawansu a rufe suke, ƙura ba ta shiga sosai. A garin hunturu wannan abin dubawa ne. Illarsa ita ce tsada, da kuma ƙarfin da ya fi hannun sabon direba. Idan za ka sayi marar burushi, ka tabbata akwai hanyar rage ƙarfi. Motocin Traxxas suna da saitin koyo da ke rage ƙarfi zuwa kashi 50 cikin 100, rimot ɗin da ke zuwa da yawancin motocin Arrma kuma yana da maɓalli mai matakai uku: 50, 75 da 100.

Kwalin ya ce kilomita 70 a awa. Gaskiya ne?

Wani lokaci gaskiya ne, amma a kan kwalta mai santsi, da cikakken batir, wani sa'in ma sai an canja giya. Sau da yawa kuma ƙari ne na talla. Abin da ya fi wannan shi ne ka san me lambar take nufi a ƙasa. Motar da ke kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka kifta ido ta tsallake layinku ta faɗa kwata, ko ta sami idon sawun yaron maƙwabta, ga shi nauyin 1/10 ya haura kilo 2. Kilomita 30 zuwa 40 a awa ya ishi mai koyo, har ya yi masa yawa a makon farko.

Yallaɓai, maganar batir ce ta fi ruɗa ni. NiMH, LiPo, 2S, 3S, me ake nufi?

Nan ne ya kamata ka fi natsuwa, domin a motar batir, batirin ne ya fi iya jawo gobara.

NiMH tsohon yayi ne. Kowane sel nasa, wato ƙwayar batir guda ɗaya daga cikin waɗanda aka haɗa, bolt 1.2 ne, shida su ba da 7.2, bakwai su ba da 8.4. Yana da nauyi, ƙarfinsa yana raguwa tun wasa bai yi nisa ba, amma yana da haƙuri da sakaci. Gidan da yara ne za su riƙa caji da kansu, shi ya fi dacewa.

LiPo ba shi da nauyi, yana da ƙarfi, kuma shi ne ke zuwa da mafi yawan sababbin motoci. Kowane sel bolt 3.7 ne a suna, idan ya cika ya kai 4.2. Harafin S yawan sel ne: 2S bolt 7.4, 3S bolt 11.1. Kada ka sa wa mota 3S sai takardarta ta ce tana ɗauka, in ba haka ba za ka ƙona na'urar sarrafa gudu, wadda ake rubuta wa ESC. Lambar mAh kuwa yawan abin da batirin ke ɗauka ne. Mai 5000 a motar 1/10 yakan ba ka minti 20 zuwa 30, ƙaramin mai 1500 da ke zuwa da motocin Sin kuwa wajen minti 10.

Dokokinsa kaɗan ne amma ba a wasa da su. Kada sel ya sauka ƙasa da bolt 3.0, da zarar mota ta fara sanyi, tsaya, kada ka ce bari in ƙarasa zagaye ɗaya. Idan za ka ajiye shi fiye da 'yan kwanaki, kada ka bar shi cike kuma kada ka bar shi fanko, ka mai da shi wajen 3.8 kowane sel. Caja mai kyau tana da saitin ajiya da ke yin wannan da kanta. Kada ka bar shi cikin mota a rana. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yakan kusanci digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe gilasanta. Bayan an gama wasa a zare wayarsa daga jikin motar, don ko a kashe take tana iya tsotse shi a hankali har ya mutu.

Kuma ka riƙa duba shi da hannu. Lafiyayyen LiPo gefunansa a miƙe suke, jikinsa da tauri. Idan ka ɗora shi a kan tebur ka ga yana lilo, cikinsa ya taso, ka danna ka ji iska, ya kumbura ke nan. Kada ka huda shi, kada ka danne shi da nauyi wai ya koma, kada ka sake caja shi. Fitar da shi waje nesa da kayan da ke ci da wuta.

To ya zan yi da caji, ga halin da wutarmu take ciki?

Al'adarmu ce idan an kawo wuta da tsakar dare a jona komai a koma barci: waya, fitila, fanka mai caji. Ina roƙonka kada LiPo ya shiga wannan layi. Ba a caja shi sai da mutum a farke kusa da shi. A ɗora shi a kan siminti, nesa da katifa, labule da jarkar fetur ɗin janareta. Akwai jaka ta musamman da ba ta ci da wuta, a saya tare da motar. Wanda bai samu ba ya sa shi cikin tukunyar ƙasa, ya ajiye bokitin yashi a gefe.

Sayi caja mai daidaita sel, wadda ake soka wa ƙaramar wayar nan mai farin kai ban da babbar. Ita ce ke tabbatar da cewa wani sel bai wuce ɗan'uwansa ba. Ƙa'idar ƙarfin caji mai sauƙi ce: batir mai 5000 a caja shi da amfiya 5, mai 1500 da amfiya 1.5, ya cika cikin awa ɗaya ko sama da haka kaɗan. 'Yar wayar USB da ke zuwa da motoci masu araha tana aiki, amma tana cin awanni.

Ga wani sauƙi da ya dace da mu. Cajoji da yawa, irin su iMAX B6 na kamfanin SkyRC, suna karɓar wutar batir daga bolt 11 zuwa 18. Ke nan za ka iya jona ta kai tsaye da batirin motar gaske ko batirin sola mai bolt 12, ba ruwanka da jiran wuta, ba kuma fargabar wutar da ke hawa da sauka. Sai dai jabun wannan caja sun yi yawa, a sayi ta wurin da aka amince da shi.

Idan daga Amurka aka kawo maka kaya, karanta jikin cajar kafin ka soka. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba matsala. Wadda aka rubuta wa 120 kaɗai za ta ƙone nan take.

Faɗa mini suna kawai. Wace zan saya?

Ya danganta da aljihu, kuma farashi da naira yana bin dala, don haka da dala zan kwatanta.

A matakin dala 100 ko ƙasa da haka, motocin Sin ne suka riƙe kasuwa: WLtoys, HBX da MJX. WLtoys 144001 bagi ce ta 1/14 mai jan taya huɗu da inji 550, ta yi suna ƙwarai, kuma kayan gyaranta sun cika intanet da araha. Sai dai cikinta yana kusa da ƙasa, ta fi son fili mai tauri. Don layin unguwa, WLtoys 12428 ko HBX 16889 sun fi ta tsayi. Jerin Hyper Go na MJX yana da marasa burushi a farashi mai sauƙi, ga wanda ya yarda zai fara da rage gudu.

Daga dala 200 zuwa sama ka shiga ajin 1/10 na manyan kamfanoni. Traxxas na jihar Teksas, wanda aka kafa a 1986, shi ya fitar da Slash a 2008, kuma har yau tana cikin motocin da aka fi ba masu farawa shawara, saboda kusan kowane notinta ana samunsa. Arrma, wanda ke ƙarƙashin Horizon Hobby, yana da Granite mai manyan tayoyi da Senton. A masu hawa duwatsu akwai TRX-4 ta Traxxas da SCX10 ta Axial, da ƙaramarsu SCX24.

Mutumin Kaduna idan zai sayi babur, kafin ya tambayi gudunsa sai ya tambaya ko ana samun kayansa a gari. Yi wa motar rimot wannan tambayar. Rubuta lambarta a intanet tare da kayan gyara. Idan ka ga shafuka cike da hannuwan taya da giyoyi daga masu sayarwa daban-daban, saya. Idan ba ka ga komai ba sai hoton motar kanta, bar ta komai kyanta. Araha ba ta ado.

Kuma kada ka kashe kuɗinka duka a kan motar. Ware kusan kashi ɗaya cikin uku don batir na biyu, caja, da kayan gyara.

A ina ake samu?

Na wasan yara suna ko'ina a gari. Na aji na biyu kuwa yawanci sai an yi oda: AliExpress, ko Jumia da Konga idan an dace, ko 'yan kasuwar da ke sayarwa ta Instagram da WhatsApp daga Legas da Abuja. Odar waje takan ɗauki makonni, kuma ka sa kuɗin dako da na kwastan a lissafi. Wanda ba ka sani ba, kada ka tura masa kuɗi sai ya nuna maka bidiyon motar tana aiki, da lambarta a jikin kwali.

Idan ɗan'uwa ne zai taho maka da ita daga Dubai ko Guwanzu, ka gaya masa batirin lithiyam ba ya shiga jakar da ake aunawa. A jakar hannu ake riƙe shi, kuma wanda bai wuce awa-wat 100 ba (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) ne ake bari ba tare da neman izini ba. Batir 2S mai 5000 awa-wat 37 ne, ya shiga. A kuma duba kan wayar batir, domin iri-iri ne: XT60, Deans, EC3, da na Traxxas. Idan bai dace da na motar ba, mai gyaran rediyo zai canja maka, amma ya yi waya ɗaya bayan ɗaya, kada jar da baƙar su haɗu.

Ta hannu fa?

Ana dacewa, idan ka je da wanda ya san harkar. A juya kowace taya da hannu a saurari ƙara, a danna motar a ga ko shoka na dawowa a hankali, a duba ƙasanta ko akwai tsagewa. Tsohon batirin da aka haɗa maka da shi kada ka sa shi a lissafin kuɗi.

Haɗaɗɗiya zan saya ko wadda zan haɗa da kaina?

Wadda aka rubuta wa RTR a haɗe take da rimot ɗinta, wani lokaci har da batir da caja, wani lokaci babu, sai a karanta da kyau. Ita ce hanya mafi sauƙi.

Amma ina da rauni a kan waɗanda ake haɗawa. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fitar da motar rimot ɗinsa ta farko a 1976, kuma har yanzu yana sayar da motoci a warwatse cikin leda-leda, da littafi mai zane dalla-dalla. Grasshopper da Hornet, waɗanda suka fito a 1984, an sake fitar da su kuma ana samunsu. Yaron da ya zauna da mahaifinsa suka haɗa akwatin giya da hannunsu, ya ga yadda taya ɗaya ke juyawa fiye da ɗaya a kwana, ya koyi abin da zai amfane shi ko da wata rana Kadpoly ko ABU ya nufa. Kuma ba zai ji tsoron kwance ta ba idan ta lalace. Sai dai a sani, rimot, sarbon sitiyari (ɗan akwatin da ke juya tayoyin gaba), batir, caja da fenti duk daban ake sayensu, don haka kuɗin yakan wuce yadda aka zata.

Ɗana shekararsa 6. Wace ta dace da shi?

Hajiya, yawancin motocin aji na biyu an rubuta shekara 14 zuwa sama a kwalinsu, saboda gudu da batir da ƙananan kusoshi. Mai shekara 6 a saya masa ta wasan yara mai kauri, ko ƙaramar mai hawa duwatsu, babba ya riƙe maganar caji. A duba an rubuta 2.4GHz. Tsofaffin masu dogon eriya na 27MHz ko 49MHz, idan biyu suka haɗu a wuri ɗaya rimot ɗin wannan yana jan motar wancan, rigima ta tashi tsakanin wa da ƙani. Kuma idan akwai 'ya mace a gidan a ba ta rimot ita ma.

A ina zan tuƙa? Ana neman izini?

Ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da harkar jiragen sama ta ƙasa, da ake yawan ambata sun shafi abin da ke tashi sama ne. Amma fili yana da masu shi. Filin ƙwallon unguwa kafin 'yan wasa su fito, harabar makaranta ranar hutu, ko gefen Dandalin Murtala lokacin da ba taro, duk suna yi, idan an gaisa da masu gadi an nemi yardarsu. Kaduna gari ne na barikoki da shingayen jami'an tsaro. Kada a je kusa da su da na'ura mai rimot da wayoyi. Ban da kan titi, ban da kusa da masallaci lokacin salla, ban da bin awaki da kajin mutane. Yara za su taru, wannan tabbas ne. Ka ja musu layi su tsaya bayanka.

Hunturu da damina, wanne ya fi cutar da ita?

Kowanne da irin ɓarnarsa. Ƙurar Disamba da Janairu laushi gare ta, tana shiga boris ta haɗu da giris ta zama abin da ke cinye ƙarfe a hankali. Bayan kowane wasa cire murfin, ka bi ta da busasshen burushin fenti, lungu-lungu, musamman bayan tayoyi da wajen giya. Mai faci yana da iska, ɗan kuɗi kaɗan zai hure maka ita. Kada ka yi ta zuba mai a ko'ina, mai ne ke kama ƙura. Shoka kuwa man silikon take sha, ban da baƙin mai.

Da damina, ko an rubuta ba ta jin ruwa, kayan lantarkin ake nufi. Boris da kusoshi suna tsatsa, rimot kuma ba ya son ko yayyafi. Idan ta shiga taɓo, cire batir, goge ta, busar da ita a inuwa, sannan ka ɗiga mai kaɗan a kowane boris. Da bazara kuma zafi ne abin tsoro. Bayan kowane batir ɗora yatsa a jikin inji. Idan ba ka iya barinsa daƙiƙa uku ba, a huta.

Me ya fi karyewa, kuma 'yan Panteka za su iya ƙera mini?

Hannun tayar gaba ne kan gaba, sai babbar giyar roba, sandar da ke juya taya, sarbon sitiyari, da 'yan ƙugiyoyin murfi da ke ɓata kullum. Ka yi odarsu rana ɗaya da motar, bibbiyu. Wanda ya jira sai ta karye zai zauna wata guda yana kallonta. Na kayan aiki, alanki na milimita 1.5, 2 da 2.5 da sifana 7 ta notin taya sun isa yawancin motocin 1/10.

Masu sana'ar Panteka gwanaye ne. Za su yanka maka bamba, su miƙe sandar da ta lanƙwashe, su fiƙe fil, su yi farantin kare ciki. Ka kai musu tsohon su gani da ido. Giya mai ƙananan haƙora kuwa gara ta kamfani.

Mutane da yawa suna gaggawar canja hannuwan roba da na alminiyam. Ban goyi bayan haka ba. Roba tana lanƙwasa ta dawo, idan karon ya yi tsanani ta karye ita kaɗai, kuma ita ce mafi araha a jikin motar. Alminiyam ba ya karyewa, sai ya miƙa bugun ga abin da ke bayansa, wanda ya fi shi tsada.

Ta iso. Me zan fara yi?

Karanta littafinta, ka bi notuna ka ɗaure waɗanda suka yi sako-sako, ka cika batir. Rimot ake fara kunnawa sannan mota. Wajen kashewa mota ce farko. Ajiye ta a ƙasa ka ja totur kaɗan ba tare da taɓa sitiyari ba. Idan tana jan gefe ɗaya, akwai ɗan maɓallin daidaitawa a rimot, juya shi har ta miƙe.

Sai ka ajiye duwatsu biyu da tazarar taku goma, ka riƙa zagaya su a siffar lamba 8, a hankali. Abin da ke rikita kowa shi ne lokacin da motar ta juyo tana fuskantarka, domin damarka ta zama hagunta. Ba a koyon wannan da bayani, hannu ne ke sabawa bayan batir kaɗan.

Inji yana kuka amma motar ba ta tafiya. Ta mutu ke nan?

Ba ta mutu ba. Sau da yawa ɗayan abu biyu ne. Buɗe murfin giya ka duba ƙaramar giyar ƙarfe da ke kan sandar inji. Akwai ɗan ƙanƙanin noti a gefenta. Idan ya kwance, sandar tana juyawa ita kuwa giyar tana tsaye. Mai da shi daidai wajen da aka fafe a jikin sandar ka ɗaure. Idan ba shi ba ne, dubi babbar giyar roba. Za ka ga haƙoranta sun kwanta a wani gefe, da garin baƙar roba a ƙasa, galibi kuma da 'yar tsakuwar da ta jawo abin tana nan maƙale.

Wajen sa sabuwa, tazarar da ke tsakanin giyoyin biyu ita ce aikin. A motocin da injinsu ke matsawa, sassauta notunan inji, yanki siririyar takardar littafi ka sa tsakanin haƙoran, matsa injin har ya kama takardar, ka ɗaure, sannan ka juya giyar takardar ta fito. Riƙe ƙaramar da yatsa ka girgiza babbar: ka ji ɗan motsi kaɗan ƙwarai. Idan babu motsi sam inji zai yi zafi, idan ya yi yawa haƙoran za su sake cinyewa. Mai da murfin giyar kafin ka sauke ta ƙasa.